Yadda ake saita rikodin a ƙaramar MP3 don murya ta fita tas

Mutane da yawa suna yawo da 'yar ƙaramar na'urar jin waƙa a aljihu, wato MP3 ɗin nan, ba su ma san tana ɗaukar murya ba, waɗanda suka sani kuma galibi danna maɓallin rikodin kawai suke yi su ajiye ta, sai an tashi daga lacca ko hira ko atisayen waƙa a zo saurare a ji murya can ƙasa-ƙasa ga wani shuuu ya cika ko'ina, ko kuma muryar ta fashe tana ƙarar-ƙarar har kunne ba ya iya jurewa. Daga nan sai a yanke hukunci a ce ai na'urar ce ba ta da kyau. Wani lokacin haka ne, amma sau da yawa saitin da ta zo da shi daga kamfani ne ba wanda ya taɓa shi, kuma abin na damuna sosai don wani rikodin ɗin sau ɗaya ake samun damarsa, in ya lalace ya lalace kenan, ba za ka tara mutane ka ce su maimaita maka abin da suka faɗa ba.

Da farko dai ka nemo inda saitin yake. Kowane kamfani da yadda ya jera menu ɗinsa, amma akwai abin da ke rikita mutane, a na'urori da yawa saitin rikodin ba ya cikin babban saitin na'ura, sai ka shiga ɓangaren rikodin ɗin tukuna, kafin ka fara ɗauka ka danna maɓallin menu, wasu sai ka danne shi na ɗan lokaci, sannan zaɓuɓɓukan su fito. In ka riga ka fara ɗauka yawanci ba za ta bari ka canja komai ba sai ka tsayar. Ka duba kuma kwanan wata da agogon na'urar su zama daidai, don da su wasu ke raɗa wa fayil suna, in ba haka ba nan da wata guda za ka tarar da fayil hamsin ba ka san wanne ne wanne ba.

Abu na farko a ciki shi ne daga ina za ta ɗauko sauti. Akwai makirfo na cikinta, akwai makirfo na waje da ake jonawa, akwai ramin layi wanda ake haɗawa da wata na'ura kamar mikza ko rediyon kaset, sannan akwai FM in tana da rediyo. Ba kowace ce ke da duka ba, ƙanana da yawa makirfon ciki da FM kawai gare su. Ka tabbata abin da ka zaɓa shi ne abin da ka jona, don ana jona makirfo na waje a liƙa wa mai magana a riga, ashe na'urar tana can tana ɗauka da na cikinta daga cikin jaka. Gwajin mai sauƙi ne, ka sa iyafis ka ɗan shafa kan makirfon da yatsa a hankali, wanda ka ji ƙarar shafarsa shi ne ke aiki.

Yanzu ga babban lamarin, gen

In ba za ka karanta komai a rubutun nan ba to ka karanta wannan. Gen shi ne yawan ƙarfin da na'urar ke ƙara wa abin da makirfo ya jiyo kafin ta rubuta shi a fayil, a allo za ka ga an rubuta Gain ko Rec Level ko Mic Sensitivity. Kuma don Allah a bambanta shi da boliyom, boliyom na saurare ne, ƙarar da ke zuwa kunnenka ce kawai yake ɗagawa ko saukewa, a yawancin na'urori ko ka ƙure shi ba abin da zai canja a fayil ɗin da ake rubutawa. Mutane da yawa a nan suke ruɗewa, su ji a iyafis murya ta yi ƙarfi su ɗauka rikodin ya yi kyau alhali boliyom ne suka ƙure.

Rikodin na dijital yana da rufi, ana kiransa 0 dB (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne), kuma ba abin da ke wuce shi. Shi ya sa lambobin da ke jikin mita, wato sandunan da ke motsi a allo suna nuna ƙarfin sautin da ke shiga, duk da alamar ragi suke, -6, -12, -24, suna gaya maka saura nawa ka taɓa rufin. Kamar kofi ne da ake zuba wa ruwa, in ya cika abin da ya zuba ƙasa ba ya dawowa. Duk sanda sauti ya kai 0 dB na'urar yanke saman sa take yi ta bar shi a shafe, wannan ne fashewar da kake ji, kuma babu manhajar da za ta dawo maka da abin da aka yanke yadda yake tun asali, iyakaci ta ɗan lallaɓa shi. Amma rikodin da ya ɗan yi ƙasa ana iya ɗaga shi a kwamfuta cikin sakan biyu. Don haka in za ka yi kuskure ka yi shi ta ƙasa, kar ka yi ta sama.

Abin da za ka yi shi ne ka shiga yanayin jira, wato allon rikodin a buɗe mita na motsi amma ba a fara ajiyewa ba, ka sa mai maganar ya yi magana da irin muryar da zai yi da gaske, ba "tes tes" a hankali ba, don kowa a wajen gwaji murya ƙasa yake yi, in magana ta yi zafi ko dariya ta ɓarke sai murya ta ninka. Ka ce masa ya ɗaga murya kamar yana jaddada wani abu. Sai ka riƙa gyara gen har wurin da ya fi ƙarfi ya riƙa kaiwa tsakanin -12 da -6, maganar yau da kullum kuma tana yawo ƙasa da haka. In kiɗa ne ko wurin da ake tafi da shewa ni na fi son a tsaya wajen -12 ɗin, a bar fili sosai. In mitar taka ba ta da lambobi sanduna ne kawai, to ka bar su suna kaiwa kashi biyu cikin uku na tsawonsu, kar su riƙa manne wa ƙarshe, in kuma akwai jar fitila ko alamar da ke ƙyaftawa in an taɓa rufi to kar ka bari ta kama ko sau ɗaya a gwaji.

Wani zai ce to ba asara ba ce a bar wannan filin duka? Ba asara ba ce. Rikodin na bit 16 (bit shi ne ma'aunin yadda na'urar ke rubuta ƙarfin sauti dalla-dalla) yana da tazarar kusan dB 96 tsakanin mafi ƙarfi da mafi ƙanƙantar abin da zai iya riƙewa, kowane bit ɗaya kusan dB 6 ne, to in ka bar dB 12 bit biyu kawai ka sadaukar, saura maka kusan 84, kuma shuuu ɗin ƙaramin makirfo da na ɗakin kansa ya riga ya fi wannan ƙasan ƙarfi nesa ba kusa ba. Wato ba abin da kunnenka zai rasa.

Amma fa kar a wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. In gen ya yi ƙasa ƙwarai har mita da kyar take motsi, sanda za ka ɗaga shi a kwamfuta har da shuuu ɗin za ka ɗaga. Haka in ka ƙure gen don ka jiyo wanda ke nesa, ɗan amfilifayan da ke cikin waɗannan na'urori ƙarami ne, in aka matsa masa shi ma nasa shuuu yake ƙarawa. Shi ya sa maganin murya mai nisa ba gen ba ne, matsowa ne. Ƙa'idar sauti ce, a fili duk sanda ka ninka tazara tsakanin baki da makirfo ƙarfin murya na raguwa da kusan dB 6, in ka rage tazarar da rabi ka samu dB 6 kyauta ba tare da ƙarin shuuu ba. Daga mita biyu ka dawo rabin mita ka ci ribar dB 12 kenan, babu wani saiti a menu da zai ba ka wannan. Don haka a aji ko zauren taro ka nemi gaba, ko ka roƙi izini ka ajiye ta a teburin mai magana, in ana amfani da lasifika kuma ka zauna inda kake jin ta sosai amma ba dab da bakinta ba.

In kai kaɗai ne kake ɗaukar muryarka, taƙi ɗaya daga baki ya isa, santimita 15 zuwa 25 haka, kuma ka ɗan karkatar da ita gefe kar iskar bakinka ta riƙa dukan ramin makirfon kai tsaye, don harufa irin su b da f suna fitowa da iska sai ka ji bum bum a rikodin. Ka nemo ma inda ramin makirfon yake, ɗan mitsitsin rami ne a sama ko a baya ko a gefe, mutane na toshe shi da yatsa ba su sani ba.

Wasu na'urorin ba sa ba ka lambobi, zaɓi biyu ko uku ne kawai, ƙasa da tsakiya da sama. Na ƙasa na magana ne kusa da baki, na sama na ɗaki ne ko taro. In ba mita kwata-kwata to ba makawa sai ka ɗauki sakan 30 a kowane mataki ka saurara da iyafis, ka zaɓi mafi ƙarfin da bai fashe ba a wurin da aka ɗaga murya.

AGC da VOR, masu taimakon da ke ɓata aiki

AGC shi ne na'urar ta riƙa gyara gen da kanta, in murya ta yi ƙasa ta ɗaga in ta yi ƙarfi ta sauke. A ji a baki abu ne mai kyau, kuma da yawa a kunne yake zuwa. Matsalar ita ce ba ta san bambancin murya da hayaniya ba, da zarar mai magana ya yi shiru don ya numfasa sai ta ɗauka sauti ya yi ƙasa ta fara ɗaga gen, sai ka ji ƙarar fanka da shuuu na tasowa suna cika kunne, yana ci gaba da magana kuma kalmar farko ta fashe kafin ta farga ta sauke. Haka za a yi ta yi sama ƙasa har ƙarshe. A kiɗa kuwa ɓarnar ta fi yawa don wurin da mawaƙi ya sassauta da gangan da wurin da ya ɗaga duk sai ta mayar da su ɗaya. Ni shawarata in mutum ɗaya ne ke magana daga wuri ɗaya, ko kiɗa ne, ko ta ramin layi kake ɗauka, kashe shi ka saita da hannu. Inda yake da amfani shi ne zaman mutane da yawa wani kusa wani nesa, kuma abin da kake so kawai ka ji me kowa ya ce don ka rubuta, ba kyawun sauti ba. In tana ba da zaɓin sauri, mai saurin na magana ne, mai jinkirin ya fi dacewa da kiɗa.

Akwai wani daban da ake kira limita, kar a haɗa su. Shi ba ya ɗaga komai, yana zaune ne shiru sai sauti ya zo taɓa rufi ya danne shi. In na'urarka na da shi ka kunna, amma ka saita gen kamar babu shi.

VOR kuma, wasu na rubuta VOX ko AVR, shi ne ta riƙa ɗauka in ta ji sauti ta dakata in an yi shiru don a rage cin memori. Yana yawan cinye harafin farko na magana, mai sanyin murya kuma yana iya tsallake shi gaba ɗaya, a wuri mai hayaniya ko dakatawar ma ba zai yi ba. Ga abu mai muhimmanci ka kashe shi kawai, memori ba ta kai maganar da za ka rasa daraja ba.

Nau'in fayil da lambobinsa

Nan ne mutane suka fi ɓata lokaci alhali bai kai gen da tazara tasiri ba, fayil ɗin MP3 mai matsakaicin inganci da aka ɗauka kusa da baki ya fi fayil ɗin WAV mafi inganci da aka ɗauka daga bayan zaure. Amma dai ga yadda abin yake.

WAV na ainihi ba ya zubar da komai, abin da ya shigo shi ake rubutawa. A ma'aunin faifan CD, wato 44.1 kHz, bit 16, sitiriyo (hanyar sauti biyu, hagu da dama, mono kuma hanya ɗaya), yana cin kbps 1411 (kbps shi ne yawan bayanan da ake rubutawa a sakan guda), kusan mega 10 a minti, awa guda wajen mega 635. MP3 kuwa matse sautin yake yi ya jefar da abin da aka ƙiyasta kunne ba zai lura da shi ba, a kbps 128 awa guda ba ta kai mega 60 ba, a kbps 64 wajen mega 29, mafi girmansa kbps 320 wanda ke cin mega 144 a awa. Kenan katin giga 8 zai ɗauki kusan awa 12 na WAV, amma na MP3 a 128 sama da awa 120. In za ka gyara rikodin ɗin daga baya, ka yanka ka haɗa ka rage hayaniya, ko kiɗa ne, to WAV, don MP3 duk sanda aka buɗe shi aka gyara aka sake ajiye shi a MP3 ƙara zubar da wani abu yake yi. In lacca ce da za ka saurara kawai, MP3 a 128 ya wadatar har ya yi saura, 64 a mono ma magana na fita lafiya. Kiɗa a MP3 kar ka sauka ƙasa da 192.

Sai dai a kula da wani tarko, ba duk fayil mai suna WAV ne cikakke ba. Ƙananan na'urori masu araha da yawa suna sa matsattsen sauti irin na ADPCM a cikin fayil ɗin WAV, awo 8,000 a sakan da bit 4, wanda ya kama kbps 32 kacal, mutum na ganin WAV ya ɗauka ya samu mafi inganci alhali bai fi kiran waya ba. Lambar kbps ɗin za ka duba ba sunan ba. In menu ya jera maka irin 512, 768, 1024, 1536, to na ƙarshen nan shi ne 48 kHz sau bit 16 sau hanya biyu, shi ne cikakken. In kuma suna kawai aka sa kamar dogon rikodin da kyakkyawan rikodin, dogon shi ne wanda aka matse don ya daɗe, ka ɗauki kyakkyawan.

Ita lambar kHz ɗin tana nufin sau nawa na'urar ke auna sauti a sakan guda, kuma dokar ita ce ba za ta iya riƙe sautin da tsininsa ya wuce rabin wannan lambar ba. Kunnen ɗan Adam mai lafiya na ji daga wajen 20 Hz zuwa 20 kHz, shi ya sa aka zaɓi 44.1 wa CD. In ka sa 8 kHz iyakarka 4 kHz, a nan ne s da sh da ts da f ke fara cakuɗewa ka kasa bambanta wasu kalmomi sai da mahallin magana. 22.05 kHz ya isa magana ta fito sarai, amma in wuri ba matsala ba ne ka bar ta a 44.1 ka huta, in kuma za ka haɗa sautin da bidiyo ka sa 48 don shi ne ma'aunin da aka saba da shi a bidiyo.

Mono ko sitiriyo, wannan gajere ne. In ramin makirfo ɗaya gare ta sitiriyo ba zai ƙara maka komai ba, abu ɗaya za ta rubuta sau biyu fayil ɗin WAV ya ninka a banza. Sitiriyo sai in makirfo biyu ne da gaske ko ta layi kake ɗauko kiɗa.

In ka ga zaɓin yanke ƙananan sauti, wanda ake rubutawa Low Cut, yana rage gurnanin da ke ƙasa da wajen 80 zuwa 100 Hz ne, irin na iska da esi da motoci da girgizar tebur. A magana ka kunna shi, a kiɗan da ke da ganga ko bes ka kashe. Wanda ni ban cika yarda da shi ba shi ne rage hayaniya na cikin na'ura, a ƙanana yakan sa murya ta riƙa wani irin kaɗawa, kuma in ya ɓata ba gyara, gara ka ɗauka yadda yake ka rage a kwamfuta inda za ka iya fasawa in bai yi ba.

Jona waya daga wata na'ura

Abin da makirfo ke fitarwa 'yan milibolt ne kawai, amma layin kayan gida yana kusan bolt 0.3, na mikza irin ta ƙwararru kuma ya haura bolt 1.2. To ka ga in ka ɗauko layin mikza ka cusa a ramin makirfo, ko ka sauke gen har ƙasa fashewa zai yi don tun a bakin ƙofa ya fi ƙarfinta. In rami ɗaya ne ke aikin biyu ka tabbata ka sauya shi zuwa layi a menu. Akasin haka ma matsala ne, makirfo a ramin layi da kyar za ka ji wani abu, ƙari kuma ƙananan makirfon da ake maƙalawa a riga suna buƙatar 'yar wuta kaɗan daga ramin da aka jona su, ramin layi kuwa ba ya ba da ita, sai in makirfon na da nasa batir. Ka duba kuma bakin jak ɗin, wanda aka yi don wayar salula zobe uku gare shi, ramin rikoda yawanci mai zobe biyu yake karɓa, in ba su dace ba sai da adafta. In daga ramin iyafis na wata na'ura kake ɗaukowa, ka sa boliyom ɗin can wajen rabi zuwa kashi uku cikin huɗu, ka kashe duk wani ƙarin bes, sannan ka ƙarasa gyaran da gen a nan.

Ɗaukar FM kuwa sirrinsa ɗaya ne, wayar iyafis ita ce eriya, ka jona ta ka miƙar da ita kar ka naɗe, in tasha na shuuu ka mayar da rediyon mono zai ragu sosai. Sautin FM bai wuce wajen 15 kHz ba, don haka 32 kHz ma ya ɗauke shi duka.

Kati da batir da ajiyewa

Katunan da ba su wuce giga 32 ba yawanci a tsarin FAT32 suke, kuma a wannan tsarin fayil ɗaya ba ya wuce giga 4, wasu na'urorin ma a giga 2 suke tsayawa, wanda a WAV na CD awa uku da 'yan mintuna ne. In akwai zaɓin raba fayil ka sa ta riƙa rabawa duk minti 30 ko awa guda, ko ba don iyakar ba, don in wani abu ya faru guntun ƙarshe kawai za ka rasa. Ka gwada dai ka ji ko tana cin wani abu a wurin rabawar. Sabon kati ka kwashe abin da ke ciki ka yi masa fomatin a cikin na'urar kanta, in kuma rikodin na tsalle-tsalle a babban inganci katin ne ya kasa bin saurin rubutu ko na jabu ne.

Batir ka cika shi tun kafin lokaci, ka rage hasken allo ka sa ya riƙa mutuwa da wuri, ka leƙa saitin kashe kai da na barci kar ta mutu a tsakiyar aiki. Ɗauka tana jone da cajar bango yakan shigo da wani zzzz, fawa bank ya fi tsafta, wasu kuma da zarar ka jona USB suke barin rikodin su koma yanayin kwamfuta, wannan ma a gida ake gano shi ba a wurin taro ba. Wayar salula ka nisanta ta ko ka sa ta a yanayin jirgi don siginarta na shiga rikodin. Kar ka riƙe na'urar a hannu kana juya ta, duk motsin yatsa ana ji, ka ɗora ta kan hankici ko wani abu mai laushi maimakon kan tebur tsirara, tsofaffi masu faifan ajiya (hard disk) a ciki kuma makirfon ciki na jiyo juyawar faifan, waɗannan makirfo na waje ya fi musu. Da ka fara ka ga sakanni na tafiya sai ka kulle maɓallai. Kuma ka gaya wa mutane kana ɗaukar su, haƙƙinsu ne, a ƙasashe da dama ma doka ce.

Masu tsofaffin na'urori irin iriver H100 da H300 ko Sansa Clip, akwai manhajar kyauta mai suna Rockbox da ake sa musu a madadin ta kamfani, tana buɗe saitin rikodin sosai, gen da lambobi, mita mai kyau, raba fayil, zaɓin WAV ko AIFF ko MP3 ko WavPack wanda ke rage girma ba tare da zubar da komai ba. Abin da na fi so a cikinta shi ne tana iya riƙe har sakan 30 na abin da ya wuce kafin ka danna maɓalli, wato in an fara magana ka makara farkon bai ɓace ba. Sai dai ka tabbata samfurin na'urarka na cikin waɗanda take aiki da su kafin ka taɓa komai.

In an gama kar ka kashe ta kai tsaye kuma kar ka zare kati, ka danna tsayawa ka jira ta ajiye, wasu har tambaya suke yi a ajiye ko a'a. Dalili shi ne sai a ƙarshe ake rubuta tsawon rikodin a kan fayil ɗin WAV, in wuta ta ɗauke kafin nan fayil ɗin zai ƙi buɗewa ko ya nuna sifili. In hakan ta same ka kar ka goge shi, ka duba girmansa a kwamfuta, in da megabait a ciki to sautin na nan. Ka buɗe Audacity, manhajar kyauta ce, ka shigo da shi ta hanyar ɗanyen bayani wato Import Raw Data, ka gaya mata kHz ɗin da ka ɗauka da shi, bit 16, mono ko sitiriyo, in WAV ɗin cikakke ne galibi zai fito, in ka ji murya na gudu ko tana jan jiki lambar kHz ɗin ce ko zaɓin mono da sitiriyo bai yi daidai ba sai ka canja ka sake. A nan ɗin dai za ka ɗaga rikodin da ka bari ƙasa, ka zaɓi duka ka yi masa Normalize zuwa -1 dB, ka ajiye da sabon suna, na asalin kuma ka bar shi yadda yake a wata folda.